Ko Akwai Dabarar Gane Dokin Da Zai Ci Sukuwa?

Abin da muke so mu tattauna a wannan fili yau shi ne cacar sukuwar dawaki, wadda ta soma samun gindin zama a tsakanin samarinmu 'yan Arewa mazauna Kudu, tun ba ma yanzu da wayar hannu ta kawo gidan caca har cikin aljihun mutum ba. Duk mai zama teburin mai shayi a Agege ko Idi-Araba ko Obalende a Ikko, ko Sabo a Badun, ko zangon Hausawa na Fatakwal da Inugu, ya san irin gardamar da kan tashi a kan yadda ake gane dokin da zai zo na ɗaya. Wani ya ce asalin doki ake dubawa, wani ya ce a'a, mahayi ne. Wani ya ce a bi inda jama'a suka fi zuba kuɗi, wani kuma ya ce shi yana da mutumin da ke aiko masa da lamba. Kowa da dabararsa, kowa kuma yana rantsuwa tasa ce ta gaskiya.

Gaskiya ne cacar ƙwallon ƙafa ta fi ta doki yawa nesa ba kusa ba. Amma ta doki tana da wani tarko na musamman ga ɗan Arewa, domin yana ganin ai doki nasa ne, gadonsa ya yi, saboda haka ba wanda zai fi shi sanin wanda zai ci. Ra'ayinmu a nan shi ne, sanin doki ilmi ne na gaske, kuma mutanenmu suna da shi, amma sanin doki daban, cin kuɗin gidan caca daban. Za mu bi waɗannan dabaru ɗaya bayan ɗaya mu auna su da lissafi irin wanda kowane ɗan kasuwa zai iya yi a bayan kwali.

Bari mu ɗauki Lafiya, babban birnin Jihar Nasarawa, ta zama misalinmu, domin gari ne da ke bakin ƙofa tsakanin Arewa da Kudu. Tun zamanin da jirgin ƙasa ke tasowa daga Fatakwal, ya bi ta Inugu da Makurɗi, ya tsaya a tasharta kafin ya wuce Kafancan, mutanen Lafiya suke sauka Kudu da doya da riɗi da shinkafa, wasu su koma, wasu su zauna. Barebarin da suka kafa garin a ƙarƙashin Muhammadu Dunama daga Barno suka fito, ƙasar da ta yi suna wajen dawaki. Ko da yake kwarin Binuwai ba ƙasa ce mai sauƙi ga doki ba saboda ƙudan tsando da sammore, hawan salla bai yanke a fadar Lafiya ba, daga zamanin marigayi Sarki Isa Mustafa Agwai na ɗaya, wanda ya yi sarauta daga 1974 zuwa 2019, har zuwa Mai Martaba Sarki Sidi Bage Muhammad na ɗaya. To, yaron da ya tashi yana kallon wannan hawa, ya san akawal da kili da bidi da danda, shi ne yau za ka tarar a shagon caca, a Lafiya ko a Ikko, yana kallon dawakin Ingila a talabijin yana cewa shi ba baƙo ba ne a wannan fage.

Sukuwa dai tamu ce tun kaka da kakanni, amma zuba kuɗi a kan doki a tsare, da akawu da tikiti, Turawa suka kawo shi. Filin nan da ake kira Dandalin Tafawa Ɓalewa a Ikko, inda aka sauke tutar Ingila a daren samun mulkin kai, 1 ga Oktoba 1960, filin sukuwar Turawa ne a da, kuma Kano da Kaduna su ma an yi musu nasu. A Faransa kuwa, wani mutum mai suna Joseph Oller ne ya ƙago tsarin tara kuɗin 'yan caca a akwati guda tun cikin shekarun 1860, a cire rabon mai akwati, a raba saura ga waɗanda dokinsu ya ci. A 1954 aka ƙaro abin da suke kira tiyarse, watau a faɗi dawaki uku na farko, a 1989 kuma aka ƙaro na dawaki biyar. Wannan ita ce cacar PMU da 'yan'uwanmu na Maraɗi da Damagaram da Yamai suka sani, wadda hukumar LONANI ta Nijar ke gudanarwa: mutum yana zaune a Maraɗi yana zuba kuɗi a kan dokin da ke gudu a birnin Faris. Abin da waya ta kawo mana yanzu ƙanin wannan ne.

SANIN DOKI

Dabara ta farko ita ce sanin doki, kuma ita ce mafi kama da gaskiya. Masu bin ta suna duba asalin doki ta wajen uwa da uba, da shekarunsa, da yadda ya yi a sukuwar da ya shiga baya-bayan nan. Suna duba nisan da ya saba, domin wani doki gudun farko ne da shi, kafin a kai mil guda ya huce, wani kuma sai an yi nisa yake buɗe ƙafa. Suna duba ƙasar filin, ko busasshiya ce ko ruwa ya jiƙa ta, da nauyin da aka ɗora masa, da gwanintar mahayi da mai horo. Duk wannan daidai ne, kuma ba sabon abu ba ne wurin Shamaki ko tsohon ɗan barga. Shi yakan dubi faɗin ƙirji da ƙofar hanci, ya shafa jijiyar ƙafa ya ji ko da zafi, ya ɗaga kofato, ya buɗe baki ya karanta shekaru a haƙori, ya lura ko doki ya cinye harawa da dusarsa jiya ko ya bari, ko kuwa yana zufa tun ba a ɗaura sirdi ba. Wanda ya san waɗannan lalle ya fi wanda bai sani ba gane doki mai kyau.

To amma akwai abubuwa uku da masu wannan dabara ke mantawa. Na ɗaya, Shamaki hannunsa yana kan doki, kai kuwa suna da lamba kaɗai kake gani a waya, kuma ba a cinikin biri a sama. Na biyu, abin da ka karanta a takardar tarihin doki, dubban mutane sun karanta, mai gidan caca kuma ya riga ku duka, da ma'aikata da na'urori waɗanda ba su da wani aiki sai wannan. Da zarar an gane doki mai kyau ne, sai a rage abin da za a biya a kansa, har ya zama ka sa naira 1,000 don neman ribar 500 ko ƙasa da haka. Watau ilminka an riga an zuba shi cikin farashi kafin ka iso. Na uku, sukuwa da yawa an shirya su ne yadda za su rikita mai zaɓe, domin akwai jami'in da aikinsa shi ne ya ƙara wa doki mai ƙarfi nauyin dalma a ƙarƙashin sirdi, ya rage wa mai rauni, da nufin duk su iso tare.

Ban da haka kuma, doki dabba ce mai rai. A 1956, a babbar sukuwar tsallake shinge ta Ingila da ake kira Grand National, dokin mahaifiyar Sarauniya mai suna Devon Loch ya tsallake duk shingayen, ya tsere wa sauran, saura kamar yadi 40 ya kai ga ci, sai kawai ya baje a kan cikinsa a fili sarari, wani doki ya zo ya wuce. Har yau masana ba su daina gardama a kan abin da ya same shi ba. In mahayin da ke kan sirdi bai ga zuwan wannan ba, ina mai kallo daga Agege?

BIN JAMA'A DA NEMAN SA'A

Dabara ta biyu ita ce bin dokin da jama'a suka fi zuba wa kuɗi, bisa cewa taron mutane ba zai haɗu a kan kuskure ba. A Ingila da Amurka, inda aka daɗe ana ajiye lissafi, irin wannan doki yakan ci kamar sau ɗaya ne cikin uku. Watau sau biyu cikin uku jama'a da gwanayensu sukan sha ƙasa. Kuma sau ɗayan da ya ci, abin da ake biya, in aka bi shi a kan lokaci mai tsawo, bai isa ya cike ramin biyun da aka rasa ba. Mai bin wannan hanya ya fi sauran 'yan caca daɗewa kafin aljihunsa ya bushe, iyakar amfaninta ke nan.

Dabara ta uku kishiyar ta biyu ce, watau neman dokin da ba wanda ya kula da shi, wanda in ya ci za a ninka wa mutum kuɗinsa sau 50 ko sau 100. Masu wannan ra'ayi suna da labarin da suke kafa hujja da shi. A 1967, a wannan sukuwa ta Grand National, wani doki da ya yar da mahayinsa ya gitta gaban sauran a shinge na 23, suka cakuɗe, wasu suka faɗi, wasu suka ƙi tsallakewa. Wani doki mai suna Foinavon, wanda aka sa wa farashin ɗari a kan ɗaya, da yake yana can baya, sai ya sami hanya ya wuce ya ci. Amma dalilin da ya sa har yau ake ba da wannan labari shi ne don abin ba safai yake faruwa ba. Tun a 1949 wani masani Ba'amurke mai suna Richard Griffith ya bi lissafin dubban sukuwa ya gano cewa mutane suna zuba wa irin waɗannan dawaki kuɗi fiye da yadda suka cancanta, kuma binciken da aka yi ta yi bayansa a ƙasashe da dama ya tabbatar da haka. Watau duk 'yan caca suna hasara, amma mai neman babbar sa'a ya fi kowa hasara. Kallon kitse yake yi wa rogo.

Haka kuma masu jera dawaki uku ko biyar. In dawaki 18 suka fito, hanyoyin da uku na farko za su iya jeruwa sun kai 4,896. In kuwa biyar ake so a jere cikin dawaki 16, hanyoyin sun kai 524,160. Gaskiya ne dawakin ba ƙarfinsu ɗaya ba, saboda haka sanin doki zai rage wannan adadi, amma ko ka zubar da rabin dawakin ka bar takwas, jeren biyar yana da hanya 6,720, kai kuwa guda ka saya.

Dabara ta huɗu ita ce sayen lamba. A da masu wannan sana'a takarda suke bugawa su sayar a bakin shagon cacar ƙwallon Ingila; yanzu sun koma WhatsApp da Telegram, suna cewa suna da ɗan'uwa a cikin barga, ko kuwa an riga an shirya wanda zai ci. Yadda wasunsu ke yi ba wuya. In dawaki takwas za su fito, sai a raba masu saye gida takwas, a ba kowane gida doki dabam. Dole gida guda ya ci, kuma su ne za su zama masu shaida gobe, su jawo abokansu, gida bakwai kuwa a ce musu su yi haƙuri, mahayi ne ya karya alkawari. Tambaya guda ta isa ta kashe wannan magana: wanda ya tabbata ya san dokin da zai ci, me zai sa ya sayar maka da sirrin a naira 2,000 maimakon ya zuba nasa kuɗin ya yi shiru? Wannan tambaya ita ce kuma za a yi wa boka da ɗan duba da mai fassara mafarki, waɗanda ke karɓar kuɗin zakara su ba da lamba alhali su kansu haya suke zaune.

Dabara ta biyar ba ta doki ba ce, ta kuɗi ce, watau ninkawa. Mutum ya sa naira 1,000, in ta faɗi ya sa 2,000, in ta faɗi ya sa 4,000, yana cewa ai dole wata rana a ci, ranar kuwa zai mai da duk abin da ya rasa. Bari mu lissafa. Faɗuwa bakwai a jere ta cinye naira 127,000, kuma zubi na takwas yana neman 128,000. Ga wanda ke bin dokin da kan ci sau ɗaya cikin uku, faɗuwa bakwai a jere abu ne da kan auku kamar sau ɗaya cikin 17. Wanda ke caca kullum zai gamu da ita kafin wata ya mutu ko jim kaɗan bayan haka. A nan ne ake taɓa jarin uban gida, a nan ne ake jinginar da babur.

RABON MAI AKWATI

Abin da ya karya duk waɗannan dabaru abu guda ne, shi ne rabon mai akwati, wanda ake cirewa ko wane doki ya ci. Alal misali, a ce dawaki huɗu ne masu ƙarfi ɗaya, mutum huɗu kuma kowa ya sa naira 1,000 a kan doki guda. An tara 4,000. In da adalci ne, wanda dokinsa ya ci 4,000 zai ɗauka. Amma mai shago ya riga ya rubuta farashi yadda 3,500 zai biya, 500 ta zauna wurinsa. Shi bai damu da akawal ne ya ci ko kili ba, bai sayi harawa ba, bai hau ba, bai faɗi ba. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi.

A tsarin akwati na Faransa, abin da ake cirewa na haraji da na masu gudanarwa ya kai wajen kashi ɗaya cikin huɗu na duk abin da aka zuba. To, ɗan caca kuwa ba ya tashi in ya ci, mayarwa yake yi. Naira 10,000 in ta shiga irin wannan akwati ta fito, a matsakaicin lissafi ta koma 7,500. Ta sake shiga ta koma 5,625, sa'an nan 4,219, sa'an nan 3,164. In zagaye na goma ya cika abin da ya rage bai kai naira 600 ba. Duk mai sayar da doya ya san cewa in dillali yana cire ƙwarya guda cikin huɗu a kowane ciniki, kana kuma sake mayar masa da kayan, ba da daɗewa ba kai za ka koma yi masa dako.

Wani zai ce, to ashe ba a taɓa samun wanda ya ci gidan caca da ilmi ba? An samu, kuma labarinsa ya fi kowace hujja ƙarfafa abin da muke faɗi. Wani Ba'amurke mai suna Bill Benter ya tafi Hong Kong, inda shi da abokinsa Alan Woods suka shiga tattara tarihin dubban sukuwa suna zubawa a kwamfuta. Da farko hasara suka yi. Sai da Benter ya shekara da shekaru yana gyara lissafinsa, yana auna abubuwa fiye da 100 a kan kowane doki, da ma'aikata da jari mai yawa, kafin riba ta zauna, har kamfanin labarai na Bloomberg ya ba da rahoto a 2018 cewa abin da ya samu ya kusa dala biliyan guda. Amma a lura da abu biyu. Shi kansa ya bayyana cewa lissafinsa bai yi ƙarfi sosai ba sai da ya haɗa shi da farashin da jama'a suka sa, watau farashi ya riga ya ƙunshi yawancin abin da za a sani. Sa'an nan kuɗin da ya kwasa ba daga aljihun mai akwati suka fito ba, daga aljihun ƙananan 'yan caca suka fito. In ka shiga akwati guda da irin su Benter, kai ne abincin.

Mafi muni duka shi ne dokin kwamfuta da ake nunawa a shagunan caca na garuruwanmu, tare da tseren karnuka, wanda kan tashi bayan kowane 'yan mintoci, safe da dare. Wannan doki ba shi da uwa ba shi da uba, bai taɓa cin dusa ba, ba ya gajiya ba ya ɗingishi. Na'ura ce ke jefa ƙuri'a ta fitar da lamba, sa'an nan ta zana hoton gudu don mai kallo ya ji daɗi, kuma an gina ta yadda abin da za ta biya zai gaza abin da ta karɓa. Amma za ka ga saurayi da littafi yana rubuta lambobin da suka fito tun safe, wai yana neman sawunta. Na'urar ba ta tuna abin da ta fitar ɗazu, balle ta ji nauyin wanda ya daɗe bai ci ba. A nan ko Shamakin Sarki aka kawo, shi da wanda bai taɓa ganin doki ba duk ɗaya suke.

Akwai kuma mai cewa ai ya san wani da ya ci har ya sayi mota. Mai yiwuwa ne, domin in ba a barin wani ya ci, da shago ya rufe. Amma wanda ya ci da ganga ake shelarsa, har a ɗauki hotonsa a liƙa, waɗanda aka tara kuɗinsu aka ba shi kuwa shiru suke komawa ɗaki. A kuma bincika a ji inda motar take bayan shekara biyu.

SUKUWA BA CACA

Kada wani ya ɗauka muna ƙin sukuwa ne. Ya tabbata a Buhari da Muslim, daga Abdullahi ɗan Umar, cewa Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya sa an yi tseren dawaki a Madina, ya ba waɗanda aka horar nisa mai tsawo, waɗanda ba a horar ba kuma gajere. Malamanmu na Malikiyya, kamar yadda duk wanda ya karanta Risala ya sani, sun halatta tseren dawaki da raƙuma da harbin kibiya, har da sa kyauta, muddin ba ta zama kowa ya zuba wanda ya ci ya kwashe ba. Abin da Alƙur'ani ya hana a Suratul Ma'ida, ya jera shi tare da giya, shi ne caca, kuma 'yan kallo su tara kuɗi a kan dokin wani caca ce tsantsa. 'Yan'uwanmu Kirista na Lafiya da kewaye, Eggon da Alago da Migili da sauransu, su ma lissafin da muka kawo bai bar su a baya ba, domin akwati ba ya tambayar addinin mai zubi.

Masu cewa sukuwa ba ta rayuwa sai da caca su dubi ƙasashen Larabawa. Gasar Kofin Duniya ta Dubai da aka fara a 1996, da Kofin Saudiyya da aka fara a 2020 da kyautar dala miliyan 20, duk an kafa su ne ba da akwatin caca a filin ba, kuma manyan dawakin duniya suna zuwa. Mu ma nan gida, a Bida, ƙarƙashin Etsu Nupe Alhaji Yahaya Abubakar, akan yi gasar sukuwa da dawaki ke zuwa har daga ƙasashe maƙwabta, mai doki da mahayi su karɓi kyautarsu a gaban jama'a.

Abin da ya sa muka tsawaita shi ne, kuɗin ɗan ci-rani ba nasa ba ne shi kaɗai. Naira 1,000 da mai gadi ko ɗan acaɓa ko mai turin baro ya miƙa a shago, akwai mai jiranta a Lafiya ko Doma ko Awe ko Keana: kuɗin irin doya ne, ko na taki, ko na makarantar ƙane, ko na maganin tsohuwa. Damina ba ta jiran dokin Ingila. Wanda ya rasa kuɗin taki a watan da ake bukatarsa ya rasa amfanin shekara guda, kuma kunyar faɗin gaskiya takan sa mutum ya daina kiran gida, har zumunci ya yanke a kan abin da bai kai ya kawo ba.

Saboda haka muna ba da shawara kamar haka. Ga saurayin da ya riga ya shiga, kada ka yarda da mu, ka gwada da kanka: sayi ɗan littafi ka rubuta duk abin da ka zuba da duk abin da ka ci har wata guda, ba tare da ɓoye ko kwabo ba, sa'an nan ka haɗa jimla. Ranar da ka karɓi albashi ko ka yi ciniki, aika na gida a ranar, ko ka shiga adashi, kada kuɗi su kwana a waya. In kuwa da gaske kana da ilmin doki, akwai inda ake biyansa: kulob-kulob na folo a Ikoyi da Badun da Fatakwal, da masu cinikin dawaki, duk suna bukatar wanda ya san barga, kuma da yawa daga masu wannan aiki 'yan Arewa ne.

Ga Sarakunan Hausawa da limaman zango, muna roƙo a riƙa yi wa yara wannan bayani da lissafi tare da nasiha, kuma wanda ya zo ya ce ya faɗa ciki a taimake shi a rufa masa asiri, kada a mai da shi abin nuni. Ga Majalisar Dokokin Jihar Nasarawa, a watan Nuwamba 2024 Kotun Ƙoli ta yanke hukuncin cewa tsara harkar caca a jihohi hakkin jihohi ne ba na Gwamnatin Tarayya ba, saboda haka ba sauran uzuri. A Kano, Hisba ta rufe shagunan caca da dama a 2024. Nasarawa jiha ce mai jama'a iri-iri, za ta zaɓi hanyarta, amma mafi ƙaranci a hana yara shiga, a nisanta shaguna daga makarantu, a tilasta wa kowane shago ya rubuta rabon da yake cirewa ɓaro-ɓaro a bango, a kuma sake duba maganar dokin kwamfuta. Ga masarauta da attajiran Lafiya kuwa, a raya sukuwa ta gaske da kyauta bayan salla, don yaro ya ga doki mai rai ya san bambanci.

To jama'a, amsar tambayar da muka ɗora a sama ita ce, akwai dabarar gane doki mai kyau, kakanninmu sun san ta, amma dabarar da talaka zai ci gidan caca da ita ba a ƙago ta ba tukuna. Dokin da ba ya faɗuwa a kowace sukuwa shi ne na mai akwati. Allah Ya tsare mana guminmu, Ya sa albarka a cikin nemanmu, Ya mai da kowa gida lafiya. Wassalam.